Rakiyar Kulu Zuwa Alƙahira

Wanda aka ce zai tare mu a filin jirgin Alƙahira bai zo ba. Muka tsaya a bakin ƙofar fita, ni da ƙanwata Kulu, da jaka biyu da ƙullin garin masara, mutane na ta wucewa suna wani irin Larabci da ban taɓa jin irinsa a Islamiyya ba. Ni malamar firamare ce a Ɗansoshiya, cikin Kiru, sunana Sa'a, kuma kafin wannan rana Kano ce iyakar tafiyata. Kulu a Burumburum take aure, 'ya'yanta uku. Ciwon zuciya ne ya kawo mu. Likitocin Kano sun ce wata 'yar ƙofa a cikin zuciyarta ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata, sai an yi tiyata an canja ta. Mijinta Isyaku da danginmu suka haɗa ƙarfi, aka ce ni zan raka ta, tunda ina jin Turanci kuma ba ni da goyo ba ni da yaye. Na daɗe da aure, Allah bai ba ni haihuwa ba.

Kulu ta gaji da tsayuwa, ta zauna a kan jaka tana haki, leɓɓanta sun yi duhu. Na yi ta kiran lambar mutumin har waya ta yi zafi. Sai da la'asar ta yi sannan ya iso cikin farar jallabiya, turare na tashi. Alhaji Bala ne, Bahaushe da ya daɗe a can, sana'arsa haɗa marasa lafiya da asibitoci. Ko haƙuri bai ba mu ba.

"'Yan uwana na gida! Ku kwantar da hankalinku, kun faɗo hannu na gari. Ku kawo fasfo ɗinku in adana muku, garin nan ba a yawo da takarda."

Na miƙa masa. Jin Hausa kawai a bakinsa ya isa in miƙa masa komai a ranar.

Tun muna gida ya yi alkawarin ɗaki a ƙasa, kusa da asibiti. Inda ya kai mu kuwa can ƙolin wani dogon bene ne, a unguwar da sai an shiga mota biyu kafin a kai asibitin, na'urar hawa benen kuma ta daɗe da mutuwa. Ya ajiye mu a gindin matakala ya ce yana da wasu baƙi. Kulu ta ɗaga kai ta dubi matakalar, ta dube ni. Maigadin gidan, wani tsoho mai rawani, shi ya lura. Ya kira mai sayar da gurasa na bakin titi, suka ɗora ta a kujerar roba suka ɗauka. Tana ta cewa, "Wayyo kunya, ku sauke ni," su kuwa suna ta dariya suna hawa, ba su san me take faɗa ba.

Alƙahira gari ne da ba ya gajiya da hon. A gida kuwa damina ce, masara ta kai ƙugu. A can ko ɗigo babu, sai rana da ƙurar motoci. Wata rana Isyaku ya kira ana tafka ruwa a Burumburum, Kulu ta ce masa, "Baban Abba, ɗaga wayar kusa da kwano." Ya ɗaga. Muka zauna mu biyu, manyan mata, kunne a jikin waya muna sauraron ruwa na dukan rufin ɗakinta.

Ranar da na fara kaɗa miyar kuka, maƙwabciyarmu ta buga ƙofa, ta toshe hanci da mayafi, tana tambayata da hannu ko wani abu ne ya mutu a ɗakin. Daddawa ce. Na ɗebo mata a cokali, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta sake miƙo cokalin. Kashegari ta kawo wa Kulu miyar wani ƙanƙanin wake mai zafi, kuma tun daga nan ba ta fasa ba.

A asibiti aka yi ta gwaje-gwaje, jini da fitsari da hoton ƙirji. Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, Dakta Mona, siririya mai gilashi. Ranar da sakamako ya fito ta ce ba za ta yi magana da Turanci ba, tana so Kulu ta ji da harshenta. Aka kira wata dattijuwa mai tafinta, Hajja Amna, 'yar Sudan. Ta shigo ta yi sallama, ta ce, "Kun wuni lafiya, ɗiyana?" Kulu ta zabura. Ashe kakanninta Hausawa ne da suka tafi aikin hajji da ƙafa suka zauna a hanya. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, mai daɗin ji.

Likita ta yi magana a hankali, Hajja Amna ta fassara. "Ta ce kina da ciki, Hauwa'u. Ƙarami ne, bai wuce wata biyu ba."

Kulu ta dafe ƙirji. Tunda ciwon ya yi tsanani al'adarta ta rikice, shi ya sa ba ta lura ba. Na ga murmushi ya taso mata kafin ta tuna inda muke.

Likita ta ci gaba. Ta ce ƙofar zuciyar ta tsuke sosai, har jijiyoyin huhu sun fara ɗaukar nauyi. Ciki kuwa yana ƙara wa zuciya aiki, kullum yana girma aikin na ƙaruwa, kuma zuciyar Kulu ko na yanzu ba ta iyawa. Idan aka bar cikin, akwai babban haɗarin ta rasa ranta kafin haihuwa ko wajen haihuwa. Idan aka yi tiyatar da cikin, da wuya ya tsira, ita ma haɗarinta ya ƙaru. Shawararsu ita ce a cire shi tun yana ƙarami, ta warke, sannan a yi aikin zuciya.

"Ta ce shawara ce," in ji Hajja Amna. "Ba wanda zai taɓa ki sai kin yarda."

Kulu ba ta yi kuka a ofishin ba. Sai da muka shiga mota ta jingina kanta da taga, hawaye na zuba ba sauti.

Ni a wajena maganar a fili take. Uwarmu ta rasu Kulu na da shekara shida, ni na goya ta, ni na yi mata kitso har ta yi aure. Tun daga ranar na hau ta da magana. Da safe in ce, "Ki tuna da Abba da Nana da Ummi." Da rana in ce, "Likita ta fi mu sani." Ita kuwa sai ta juya fuska bango.

Ana cikin haka Alhaji Bala ya ji labari. Ya hawo benen nan da bai taɓa hawa ba, yana share gumi.

"Wa ya ce a cire? Subhanallahi! Ai waɗannan ba su san aiki ba. Akwai wani babban likita, abokina ne, zai yi tiyatar da cikin, uwa lafiya ɗa lafiya. Sai dai aikinsa da ɗan tsada."

Kulu ta tashi zaune, abin da ta kwana biyu ba ta yi ba. Kashegari ya kai mu wani ɗan asibiti a saman shagunan sayar da takalma. Likitan ya juya takardunmu kamar mai neman hoto a jarida, ko abin sauraron ƙirji bai ɗora mata ba. Duk abin da na tambaya, amsarsa ɗaya, wai babu matsala. Da na tambayi inda ake kwantar da wanda aka yi wa aikin zuciya, sai ya dubi Alhaji Bala, Alhaji Bala ya ce min, "Malama, ke kam kin cika bincike."

Da muka dawo ɗaki na ce, "Kulu, wannan mutumin ba likitan zuciya ba ne. Cinikinmu suke yi."

"Shi ne kaɗai ya ce ɗana zai rayu."

"Ai don ya san abin da kike son ji ne."

Ta juyo ta dube ni, idonta ja. "Yaya, ke ba ki taɓa ɗaukar ciki ba. Shi ya sa a cire, a cire yake miki sauƙi a baki."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ɗauki mayafina na sauka, na shiga mota ban san inda za ni ba, sai ga ni a harabar asibitin Dakta Mona, don nan kaɗai na sani a garin. Na zauna a benci ina kuka kamar yarinya. A nan Hajja Amna ta same ni. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta sayo shayi ta sa min a hannu. Na kwashe duka na faɗa mata, har da maganar da Kulu ta yaɓa min.

Ta ce, "Maganar ta yi ciwo, kuma za ta nemi gafararki, ki bar wannan. Amma in tambaye ki. Tun ranar da aka faɗa mata, wa ya tambaye ta abin da take ji?"

Na kurɓi shayin, ita kuwa ta ci gaba.

"Kina so ta rayu, ta sani. Likita ta faɗi nata, ke kin faɗi naki, ɗan damfara ya faɗi nasa. Ita ce cikin ke jikinta, kuma ita ce za ta kwana da abin da aka yi har ƙarshen ranta. In kika tura ta, ko ta warke za ta riƙa cewa Yaya ce ta sa ni. Ki koma ki zauna kusa da ita, ki rufe bakinki ki buɗe kunne."

Ta ce kuma mu bar benen nan, akwai ɗaki a ƙasa kusa da gidanta. Na ce fasfo ɗinmu na hannun Alhaji Bala. Ta tafa hannu ta yi salati.

Na kira shi, ya ce sai mun tsai da magana a kan likitansa. Na sake kira, ya kashe waya. Hajja Amna ta kwatanta min wani gidan abinci da Hausawa ɗalibai da 'yan kasuwa ke taruwa bayan sallar Juma'a. Na je. Yana zaune a tsakiya ana ta Alhaji, Alhaji. Ni da ko a taron iyayen yara muryata rawa take, na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama da irin muryar da nake tara 'yan aji ɗaya.

"Jama'a, ku gafarce ni. Ni baƙuwa ce daga Kiru, na kawo ƙanwata jinya. Wannan bawan Allah ya riƙe mana fasfo, ya ce ba zai ba mu ba sai mun kai ta inda za a yanka ta a saman shagon takalma. Ina roƙonsa a gabanku ya ba mu."

Wani dattijo ɗan kasuwa ya ajiye cokali ya ce, "Bala, gaskiya ne?" Ya fara kame-kame, wai adanawa yake. Dattijon ya ce, "To ka gama adanawa." Ɗalibai biyu suka raka shi har masaukinsa, kafin in shanye ruwan da aka ba ni fasfo biyu na hannuna. Da na fito titi sai na ji ina dariya ni kaɗai.

Muka koma kusa da Hajja Amna. Maƙwabciyarmu mai miya ta rungume Kulu tana kuka, ta roƙi sauran daddawa na ba ta. A sabon ɗakin na yi abin da aka ce min. Na yi wa Kulu tsifa, na yi mata kalaba, ban ta da maganar ba. Ana cikin kitson ne ta fara da kanta.

"Yaya, tsoro nake ji."

"Tsoron me?"

"In na yarda, Allah zai tambaye ni. In na ƙi na mutu, Ummi ko fuskata ba za ta tuna ba. Kuma me zan ce wa Inna? Me za a ce a gari?" Inna ita ce surukarta.

Amsoshi suka cika min baki, na haɗiye su. Na ce, "Wanne kike so mu fara nemo wa amsa?"

Ta yi tunani, ta ce, "Na Allah."

Muna da kawu a Bebeji, Malam Shehu, ƙanen mahaifiyarmu, mai karantar da manyan littattafai a zaurensa. Na kira shi, na gaishe shi, na miƙa mata wayar. Ita ta yi bayani da bakinta, ta ƙare da cewa, "Kawu, in na yarda, kisa na yi?"

Kawu bai yi gaggawa ba. Ya tambayi watannin cikin. Ya tambaya ko likita ɗaya ce ta faɗa. Ya ce a nemi wani likitan zuciya amintacce ya sake dubawa, shi kuma zai koma ga littattafai ya zauna da abokan karatunsa.

Dakta Mona ba ta ji haushi ba, ita da kanta ta tura mu wajen wani dattijon likita a wani asibitin. Wannan karon Kulu ce ta yi tambayoyin, Hajja Amna na fassarawa. In na kwanta ban yi aikin komai ba fa? In aka ba ni magani fa har cikin ya yi ƙwari? Ya amsa kowacce, bai ɓoye mata komai ba. Ya ce ba zai rantse cewa za ta mutu ba, rai na hannun Allah, amma da 'yarsa ce a wannan hali da ba zai so ta gwada ba.

Muka mayar wa Kawu. Ya ce, "Hauwa'u, saurara da kyau. Zubar da ciki haka kawai ba abin wasa ba ne a addini, kin sani. Amma malamai sun yi magana a kan lalura. Idan amintattun likitoci suka tabbatar ran uwa na cikin haɗari, an ba da dama a ceci uwa. Ranki ma amana ne a hannunki. Ba zan ce miki yi ba, ba zan ce bari ba. Abin da zan ce shi ne, in kin yi, ba ki yi kisa ba, kuma duk wanda ya ce miki haka ki turo min shi Bebeji."

Kulu ta yi dariya cikin hawaye, karo na farko tun da abin ya faru.

Ranar wata Juma'a Hajja Amna ta gayyace mu shan kofi. Ashe wasu mata kan taru a gidanta, duk waɗanda irin wannan ta taɓa samu. Akwai wadda aka cire wa ciki saboda ciwon daji. Ta ce har yau in ta ga yaro sa'an wanda ta rasa sai ta lissafa shekarunsa, amma ga ta tana aurar da 'ya'yanta. Akwai wadda aka ce ɗan cikinta ba zai rayu ba in an haife shi, ita lafiyarta ƙalau, ta zaɓi ta riƙe shi har ta haifa, ya yi rabin yini a hannunta ya koma. Ta ce ba ta yi nadama ba. Ba wadda ta ce wa Kulu ga abin da za ta yi. Suka ba ta labarinsu, suka cika mata faranti da dabino, suka yi mata lalle a hannu.

Saura Isyaku. A Burumburum sabis ba ya ɗaukar kiran bidiyo sosai, sai da ya hau babur ya je Tudun Wada don ta ga fuskarsa. Na tashi zan ba su wuri, ta riƙo zanena. Ya rame, hularsa a karkace.

"Maman Abba, na ji duk bayanin. Ni ke nake so ki dawo. Amma ba ni zan kwanta a gadon ba. Abin da kika zaɓa, ni ma shi na zaɓa, kuma ko a gaban wa zan ce da yardata."

"Inna fa?"

"Inna uwata ce. Ki bar min ita."

Kulu ta yi istihara. Na daina ƙirga kwanaki, ko da yake likita ta ce lokaci ba ya jira. Wata safiya ina dama kunu, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa.

"Yaya, kai ni wajen Dakta Mona. Na yanke."

Na ajiye ludayi. "Ke kika yanke?"

"Ni na yanke. Ina so in ga auren Nana."

Aka yi a babban asibiti, likitan zuciya na tsaye a kanta. Da ta farfaɗo ta lalubo hannuna. Ta ce, "Ki yafe min maganar da na faɗa miki." Na ce, "Na yafe tun a ranar. Kuma ki sani, ni ma na yi masa kuka. Da an haife shi roƙonki zan yi ki ba ni riƙo." Sai ta fashe, ni ma na fashe, nas ta leƙo ta ja mana labule. Hajja Amna ta zo da yamma, ba ta ce mata ki daina kuka ba. Ta yi mata ta'aziyya sosai, irin wadda ake yi wa uwar da ta rasa ɗa.

Bayan jikinta ya yi ƙwari aka sa ranar tiyata. Na yini a wani dogon zaure tare da mutanen da ba na jin harshensu, kowa da nasa a ciki. Wata tsohuwa ta ga ban ci komai ba, ta raba gurasarta biyu ta tura min rabi. Da likitan tiyata ya fito ya sauke ƙyallen bakinsa, kafin Hajja Amna ta fassara na gane daga fuskarsa. Na faɗi na yi sujada a kan tayil ɗin nan mai sanyi. Matan da ke wurin suka rangaɗa guɗa irin tasu, ni ma na rangaɗa tamu, har ma'aikaci ya zo ya ce mu yi a hankali.

Ƙofar ƙarfe aka sa mata. In wuri ya yi shiru ana jin ta, ƙas, ƙas, kamar agogon hannu. Aka ce za ta riƙa shan magani kullum har abada, tana zuwa Kano gwajin jini, kuma kada ta sake ɗaukar ciki sai da shawarar likita. Leɓɓanta suka washe. Ta fara tafiya daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa bakin titi. Kafin mu taho sai da ta ja ni bakin kogin Nilu da ƙafa, tana gaba ina bin ta ina cewa ta jira ni.

Ranar rabuwa Hajja Amna ta ce, "In kun je ku gaishe min da ƙasar kakannina. Ban taɓa ganinta ba." Kulu ta cire zoben azurfarta ta sa mata a yatsa.

Mun sauka Kano kaka ta yi. Muka ratsa Bebeji, Kawu ya fito har ƙofar zaure, ya dubi Kulu ya yi ta hamdala, almajiransa manya na amsawa. Daga Kwanar Ɗangora muka karya zuwa Tudun Wada, ko'ina an baza masara a bakin hanya tana shan rana. Kulu ta sauke gilashin mota tana shaƙar iska kamar mai shan fura.

A Burumburum gida ya cika. Abba da Nana suka ruga suka ƙanƙame ta. Ummi ta noƙe a bayan kakarta, sai da aka lallashe ta ta yarda ta hau cinya. Ta kwantar da kai a ƙirjin uwarta, can sai ta ɗago da ido waje.

"Inna, Mama ta haɗiye agogo!"

Tsakar gida ta kaure da dariya. Yara suka yi layi kowa sai ya saurara.

Da la'asar mata suka cika tabarmi ana ta sannu da zuwa. Na san labari ya riga mu isowa, don na ga yadda wasu ke kallon cikinta. Wata tsohuwar maƙwabciya ta gyara zama ta ce, "Ashe kuma ɓari kika yi a can? Allah ya mayar da alheri."

Ƙofar fita ce tsohuwar ta buɗe wa Kulu, da ta ce amin shi ke nan an wuce wurin. Na dubi Kulu. Ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Ba ɓari na yi ba, Gwaggo. Likitoci suka ce in na riƙe cikin da wuya in rayu. Na tambayi malamai, na yi shawara da Baban Abba, na roƙi Allah zaɓi, na yarda aka cire. Na yi kukansa, har yanzu ina yi. Amma ba zan ɓoye ba, don ban yi abin kunya ba."

Duk ido ya koma kan Inna, surukarta, da ke zaune a kan turmi tana jan carbi. Ta ɗago kai. Sannan ta ce, "Na binne 'yata Hadiza da cikinta, shekarun baya, kun sani. Da an ba ni irin wannan zaɓin a kanta, da yanzu tana zaune a nan. Allah ya sa mai ceto ne, Hauwa'u. Ku zuba mata fura, ta sha hanya."

Aka amsa da amin, tun daga bakin ɗaki har zaure.

Da magariba ta gabato mata suka watse, ina naɗe tabarmi. Sai na lura da wata matashiya da ba ta tashi ba, 'yar Riruwai ce da aka auro unguwar, tana ta murza bakin mayafinta. Ta jira har tsakar gida ta yi sarari, sannan ta matso ta durƙusa.

"Yaya Kulu," ta ce da ƙaramar murya, "ni ma satin jiya an yi min hoton ciki a Tudun Wada, sun tura ni Kano. Likitan ya faɗa min wata magana. Ban gaya wa kowa ba, ko mijina."

Kulu ta sauke Ummi daga cinyarta, ta karɓe tabarmar da nake naɗewa ta sake shimfiɗa ta.

"Yaya, a rage mana furar nan," ta ce. Sannan ta dafa wuri kusa da ita. "Taso daga ƙasa. Zo nan ki zauna."